Masu Bin Sawun Wodehouse: Jinjina, Amma da Sauran Rina a Kaba

A ranar 20 ga Satumba, 2019, aka buɗe wani allon dutse mai ɗauke da sunan P. G. Wodehouse a majami'ar Westminster Abbey da ke Landan, wurin da Ingila ke naɗa sarakunanta, take kuma tunawa da gwarazanta. A lokacin, shekara 44 ke nan da rasuwarsa. Shekara 78 kuma tun daren da wani ɗan jarida, William Connor, ya hau rediyon BBC a watan Yulin 1941 ya yi masa wankin babban bargo, ya zarge shi da sayar da mutuncinsa ga Jamus. Tsakanin wancan daren da wannan dutsen akwai gumin mutane da yawa: wani hafsan soja, wani ɗan majalisa, 'yan jarida, malaman jami'a, da ɗimbin masu karatu waɗanda ba wanda ya biya su ko sisi. Su nake yi wa jinjina, domin yabon gwani ya zama dole.

An haifi Wodehouse a Guildford a 1881, ya rasu a Amurka a 1975 yana da shekara 93. Ya bar littattafai sama da 90, ban da wasannin kwaikwayo da waƙoƙin dandamali. Sana'arsa guda ce, ba da dariya. Fitattun taurarinsa su ne Bertie Wooster, saurayi mai kuɗin gado, mai farar zuciya, kai kuma ba nauyi, da hadiminsa Jeeves, wanda kullum shi ke tsamo maigidan daga ramin da ya jefa kansa. Sai Lord Emsworth na fadar Blandings, dattijon basarake wanda duk duniya ba abin da ya dame shi kamar ƙibar aladensa da ke shiga gasa. Da irin waɗannan mutane ya shafe fiye da shekara 70 yana rubutu.

Masana adabi kuwa ba su cika ganin mai ba da dariya da gashi ba. In littafi ya sa kuka, a rubuta masa kundin digiri. In ya sa dariya, a karanta shi a jirgin ƙasa a manta shi a kujera. Jami'ar Oxford ta ba Wodehouse digirin girmamawa a 1939, amma sai a 1961 Richard Usborne ya fitar da Wodehouse at Work, ya zauna ya warware zaren labaransa kamar yadda ake yi wa manyan marubuta. Shi ya share fagen.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Laftanar Kanar Norman Murphy, wanda ya rasu a 2016. Kafin shi, abin da aka ɗauka shi ne duniyar Wodehouse mafarki ce zalla, Ingilar da ba a taɓa yi ba. Murphy ya ce a'a, ya ɗauki taswira da tsoffin kundayen adireshi ya shiga bin titunan Landan da ƙauyuka da ƙafa. Ya nuna cewa Emsworth sunan wani gari ne a Hampshire inda marubucin ya zauna yana matashi, kuma gidan da ya zauna ciki sunansa Threepwood, wato sunan dangin basaraken nan mai alade. Ya kawo hujjar cewa ginin Blandings ya samo asali daga Sudeley Castle, filayensa kuma daga Weston Park. Ya bi har zuwa Hunstanton Hall a Norfolk, inda Wodehouse kan sauka baƙunta, ya gano akurkin aladen da ake kyautata zaton ita ce ta zama tauraruwar littattafan. Gwaggo Agatha mai ban tsoro ta cikin littattafan ma, in ji shi, ba ƙirƙira ba ce: Mary Deane ce, 'yar'uwar mahaifiyar marubucin. Da farko da kuɗin aljihunsa ya buga In Search of Blandings a 1981. Daga baya ya zama shugaban farko na ƙungiyar masoyan Wodehouse ta Birtaniya da aka kafa a 1997, ya kuma shafe shekaru yana zagayawa da baƙi unguwar Mayfair, yana nuna musu ƙofofin da Bertie zai iya fitowa daga ciki.

Wani zai ce wannan aikin banza ne, neman akurkin alade. Ban yarda ba. Binciken Murphy da na 'yan'uwansa ne ya haska dalilin da ya sa gwaggwanni suka cika littattafan nan suna mulki. Mahaifin Wodehouse alƙali ne a Hong Kong, sai aka bar yaron a Ingila a hannun dangi da makarantun kwana. Daga shekara uku zuwa sha biyar, jimillar zaman da ya yi da iyayensa bai wuce wata shida ba. Yaron da ake kai wa ziyara manyan gidaje, a tura shi ya sha shayi da barori a ɗakin ƙasa, shi ne ya girma ya ƙirƙiro hadimin da ya fi ubangidansa hankali. Sunan Jeeves kansa na wani ɗan wasan kurket ne, Percy Jeeves, wanda Wodehouse ya gani yana wasa a Cheltenham a 1913, aka kuma kashe shi a yaƙin Somme a 1916.

Jinjina ta musamman ga Iain Sproat, ɗan majalisar da ya ɗauki batun da kowa ke tsoro. Sojojin Jamus sun riski Wodehouse a gidansa na Le Touquet a Faransa a 1940, suka tsare shi kusan shekara guda, mafi yawanta a Tost, wani tsohon asibitin masu taɓin hankali da ke cikin Poland ta yau. Da aka sake shi a watan Yunin 1941, sai ya yi jawabai biyar na barkwanci a rediyon Berlin game da zaman kurkuku, don masu sauraro a Amurka. A lokacin Ingila na shan ruwan bama-bamai. Nan ƙasa ta yamutse: wasu ɗakunan karatu suka kwashe littattafansa, abokan sana'a irin su A. A. Milne suka juya masa baya. George Orwell ya kare shi a 1945, amma ba shi da takardu a hannu. Takardun suna kulle a ma'aikatar cikin gida: rahoton Manjo Edward Cussen na hukumar leƙen asiri ta MI5, wanda ya yi wa marubucin tambayoyi a Paris a 1944, ya kuma gano wauta ya tafka, ba a samu hujjar gurfanar da shi ba. Ba a taɓa sanar da Wodehouse wannan sakamako ba. Ya koma Amurka a 1947, ya zama ɗan ƙasa a 1955, bai sake taka Ingila ba. Sarautar Sir ma sai makonni shida kafin mutuwarsa ta iso. Sproat ya matsa har aka bar shi ya ga fayil ɗin, ya buga Wodehouse at War a 1981 tare da cikakken rubutun jawaban, kowa ya karanta ya yi hukunci da kansa.

Bayansu Robert McCrum ya rubuta cikakken tarihin rayuwarsa a 2004, Sophie Ratcliffe ta tattara wasiƙunsa a 2011, iyalinsa kuma suka miƙa takardunsa ga British Library a 2016. Madalla da su duka.

To, amma so ya yi yawa a wannan fage, shi kuma so hana ganin laifi ne. Don a wanke shi daga zargin cin amana, masoyansa sun zana mana wani Wodehouse mai kama da ƙaton jariri, wanda bai san siyasa ba, bai san duniya ba, daga na'urar buga rubutunsa sai karnukansa. Wannan hoton ya yi amfani a lokacin da ake buƙatarsa. Yanzu ya fara cutar da nazarin. Mutumin da ake cewa bai san komai ba shi ne a 1938, a The Code of the Woosters, ya ƙirƙiro Roderick Spode, wani ƙaton ɗan kama-karya da aka ɗinka a kan Oswald Mosley, jagoran 'yan fasist na Birtaniya. Magoya bayan Spode baƙaƙen gajerun wanduna suke sawa, saboda kafin ya kafa ƙungiyarsa wasu sun riga sun kwashe launukan riguna. Sirrin da ke karya lagonsa kuwa shi ne a ɓoye yana da kantin kamfan mata, kuma shi ke zana su. Wanda ya iya tsire ɗan kama-karya haka ya san abin da duniya ke ciki. Haka nan ya san ciniki: ya yi aiki a Hollywood, ya yi doguwar taƙaddama da hukumomin haraji na Ingila da Amurka, harajin ma na cikin abin da ya kai shi zama Faransa. Ba maci amana ba ne, wannan an gama. Tambayar da ta rage ta fi wuya: yaya mai kaifin ido irin wannan ya kasa ganin abin da ma'aikatar harkokin wajen Jamus ke so da muryarsa, alhali burinta a lokacin shi ne Amurka ta ci gaba da zama 'yar kallo? McCrum ya taɓo wannan da gaskiya. Ya kamata a ɗora daga inda ya tsaya, a daina rufe maganar da cewa ai shi haka Allah Ya yi shi.

Sannan sana'ar kanta ba ta samu rabonta ba. An san gidan da ya kwana da kulob ɗin da ya ci abinci, amma yadda yake ƙera jimla har ta fashe da dariya a kalmar ƙarshe, wannan an fi yaba shi fiye da a feɗe shi. Kafin ya fara littafi yakan cika shafi har 400 da tsare-tsaren labari. Ya koyi ginin fage daga wasannin waƙa da ya yi da Guy Bolton da Jerome Kern a New York, shi ya sa kowane babi nasa ke da shiga da fita kamar a dandamali. Duk wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin da ya sa ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ke ba da dariya har gobe, ya san wannan ba ƙaramin nazari ba ne. Daftarorin suna British Library, da gyare-gyaren hannunsa a jiki.

Akwai kuma wurin da masoyan nan kan yi saurin wucewa, ni kuwa a matsayina na baƙar fata ba zan iya wucewa ba. A Thank You, Jeeves na 1934, babban ɓangaren barkwancin ya rataya ne a kan Bertie ya shafa baƙin man takalmi a fuska don ya saje da wata tawagar makaɗa baƙaƙe, kuma kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata tana yawo a bakinsa ba ko ɗar. A 2023 aka ji cewa kamfanin Penguin ya sake buga littafin, ya sauya wasu kalmomi, ya maƙala gargaɗi a farko. Sai aka rabu biyu, masu cewa an yi wa adabi kaciya da masu cewa gara haka. Duka ɓangarorin sun bar mai karatu a duhu. Goge kalma bai goge fagen man takalmin ba, ihun kare marubuci kuma bai bayyana wa kowa daga ina wannan wasa ya fito ba. Al'adar Turawa su shafa baƙi su kwaikwayi baƙar fata don nishaɗi ta taso ne daga Amurka ta zamanin bauta, ta samu gindin zama a Ingila, har BBC ta ci gaba da nuna irinta a talabijin zuwa 1978.

Daular mulkin mallaka ma tana nan kwance a ƙarƙashin labaran, ba a cika tono ta ba. Aikinta ne ya raba yaron da iyayensa. Bankin Hong Kong da Shanghai da ya yi wa aiki daga 1900 zuwa 1902 matasa yake horarwa don tura su Gabas, shi kuwa ya gudu kafin layi ya zo kansa. A littattafan, in ɗa ya gagari iyayensa, barazanar da ake yi masa ita ce a cusa shi a jirgin ruwa zuwa wata ƙasar da ke ƙarƙashin daular. Abin mamaki, Indiya na cikin ƙasashen da suka fi son Wodehouse a yau. Shashi Tharoor ya yi rubutu a kan haka, kuma ya taɓa jagorantar ƙungiyar masoyansa a kwalejin St Stephen's ta Delhi. Abin da jikokin waɗanda aka mulka suke ji in suna dariyar shashancin jikokin masu mulkin, tambaya ce da ta cancanci littafi guda, ba sakin layi ba.

Mutanen da suka iya gano akurkin alade a Norfolk, suka kuma fito da fayil daga ma'aikatar cikin gida, wannan ba zai gagare su ba. Su fara da Thank You, Jeeves: a buga shi yadda marubucin ya bar shi a 1934, a yi masa gabatarwa da sharhi a gindin shafi, a faɗi tarihin wasan shafa baƙi da abin da ya yi wa mutanen da ake kwaikwaya, kuma a cikin masu rubuta sharhin a samu masanin da kalmar nan ta shafe shi.