Zancen Wata: Hawaye ba rashin haƙuri ba ne

 Wanga wata zancenmu bisa rashi ne.

In an yi ma mutum rasuwa, kowa da yadda abin ke kama shi. Wani ya yi ta kuka. Wani ko ɗigon hawaye babu, ya zauna kamar dutse, har a ce bai damu ba. Wani barci ya guje mai, abinci ya fita ransa, shayi kaɗai ke shiga. Wani ya ji kamar muryar mamacin bakin ƙofa, ko ya gan shi cikin mafarki. Akwai mai fushi, akwai mai cewa: "Da na kai shi likita Agadas da wuri!" Yaro kuma ya koma fitsarin kwance.

Duk wannan ba hauka ba ne, ba iskoki ba ne, ba raunin imani ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa, da yage tufa, da marin fuska.

Kuma baƙin ciki ba ya ƙarewa ranar sadakar arba'in, ko ranar da mace ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10. Ku tuna jirgin UTA da ya tarwatse bisa Tenere ran 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka rasu. A 2007, bayan shekara 18, danginsu suka zo cikin rairayin suka jera duwatsu da fasasshen madubi 170, kowane mamaci da nasa.

To, mine ne aikinmu? Kwana ukun farko gida cike yake. In an naɗe tabarmi, kowa ya watse, nan ne kaɗaici ke farawa. Mu leƙa su. Mu kai ruwa da itace, mu kama masu ban ruwan garka da kiwon bisashe. In suna son zancen mamacin, mu saurara. Kada a ce ma yaro "babanka ya yi tafiya", zai yi ta tsaron hanya.

Amma in wata 6 sun wuce mutum ba ya iya aiki, yana ta ramewa, a kai shi likita. In ya ambaci kashe kansa, kada a jira, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar nan.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah ya ji ƙan mamatanmu. Sai wata mai zuwa.