Kafin ka yo odar kayan sauti daga waje, zauna ka yi lissafi

Wanga rubutu yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya bayan Isha'i wani ƙanena ya same ni a shago nan Sabon Gari, waya a hannu, sai murna yake. Ya ce, "Yaya, dubi sifikar nan a Amurka, kusan rabin kuɗin da aka faɗa mini a Kano." Yaron shekara biyu yana tara kuɗi don ya fara bada hayar kayan sauti a biki da walima, kuma ga shi zai zuba su duka a oda guda. Na ce masa ya zauna. Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Masu studiyo, kwamitocin masallatai da ke shirin tafsirin azumi, 'yan coci, kowa yanzu maganarsa a yo oda.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Shagunan waje da yawa ba sa aiko kaya Najeriya kai tsaye. To akwai kamfanonin da za su ba ka adireshin sito a can, ka sayi kayanka a kai musu, su auna, ka biya, su ɗoro maka a jirgi. Da yawansu a Amurka sun kafa sito a jihohi irin Delaware ko Oregon, saboda can ba a cire harajin saye. Hanya ce ta halas, ni ma na bi ta sau biyu. Sau ɗaya na ci riba, sau ɗaya na ji jiki.

Karon farko makirufo biyu na sayo da hedifon. Duka kwalin bai kai kilo uku ba. Sun iso lafiya, kuma har yau ina aiki da su. Abin da ya kai ni ma ba arha ba ne, jabu ne ya ishe ni. Ɗauki Shure SM58, makirufon da ake yi tun 1966, duk wanda ke harkar nan ya san jabunsa ya cika kasuwannin duniya, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai ka sa a sifika ka ji kamar mutum na magana cikin tulu. Saye daga dilan da kamfanin ya amince da shi ya raba ni da wannan fargaba.

Karo na biyu na ɗauka na zama gwani, na yo odar amfulifaya da sifika biyu. A nan na koyi karatu uku.

Na farko, jirgin sama ba nauyi kawai yake aunawa ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da wata lamba, galibi 5,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya zama kilo 24 ke nan, ko da a sikeli kilo 15 ne, kuma wanda ya fi yawa shi za ka biya. Sifika biyu, kilo 48. Da takardar kuɗin dako ta zo, rangwamen da nake ta murna a kai ya tafi, har na ciko daga aljihu. Kuma ba ja da baya, kaya sun riga sun shiga sito, in ka bar su kuɗin ajiya ya fara hawa.

Na biyu, wuta. Amurka tana aiki da bolt 120 ne, mu kuwa 230. Ƙananan kaya da yawa suna karɓar duka biyun, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jiki. Amma amfulifaya da sifikoki masu jona wuta da yawa layi ɗaya suka sani. Tawa ta 120 ce. Na sayi taransifoma na haɗa mata, muna lafiya, har ranar da yaron shago ya jona ta kai tsaye a janareto. Ƙauri kawai munka ji.

Na uku, garanti. Na rubuta wa shagon, sunka ce in maido da ita su duba, kuma irin wannan ƙonewa ma ba ta cikin alkawari. Kuɗin maida ta ya isa sayen wata. Ƙarshe wajen mai gyara ta kwana, wata biyu ana neman kayan gyara daga Legas.

Sai batun dala. Kafin watan Yunin 2023 farashin hukuma bai kai naira 500 ba, a cikin 2024 kuwa sai da ta wuce 1,500. Ma'ana duk ɗan kuskure a lissafin dala yanzu asara ce mai nauyi a naira. Kuma ba rana ɗaya kake biya ba. Yau ka biya kaya, bayan mako biyu kuɗin dako, daga baya na kwastam, kowanne da canjin ranarsa. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa tun 2020. Ga kuma kuɗin ɗauko kaya daga Legas ko Abuja zuwa Sakkwato, wanda masu talla ba sa faɗa, su lissafinsu a Legas yake tsayawa. Kwalin sifika a bayan mota tun daga Legas, ka san irin wuyar da zai sha kafin ya iso.

Akwai labari mai daɗi guda. A watan Satumban 2025 hukumar kwastam ta fara yafe haraji ga ƙananan kayan da kuɗinsu bai wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Wannan ya ƙara ƙarfafa abin da nake faɗi, hanyar ta dace da ƙaramin kaya. Amma ina roƙonku, kada wani ya ruɗe ku da cewa a rubuta kayan dala 900 a matsayin na 250. Ban da kasancewarsa ƙarya, in kayan sun ɓace ko sun fashe, abin da ka rubuta shi inshora za ta duba. In kuma anka gano, tara da riƙe kaya suna jiranka.

Wani zai ce, to ai 'yan kasuwarmu ne ke tsawwalawa. Akwai gaskiya a ciki, wasu suna yi, wasu ma jabu suke sayarwa da kuɗin na asali, kuma su ne ke kora mutane waje. Amma mu yi adalci. Wanda ya shigo da kwantena ta ruwa zuwa Alaba, kuɗin dakon kowace sifika a wurinsa kaɗan ne in an kwatanta da naka na jirgin sama. Ya biya kwastam, ya ɗauki asarar wadda ta fashe. Kai kuma za ka je ka jona, ka saurara da kunnenka, in ta ba da matsala ka san ƙofar shagonsa. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, abu ƙarami, mara nauyi, mai tsada, wanda jabunsa ya yi yawa a gida, kamar makirufo da hedifon da ƙaramar miksa, yo odarsa in lissafi ya fita. Abu babba mai nauyi, sifika da amfulifaya, saye shi a Kano ko Legas wurin wanda zai bari ka gwada kuma ya ba ka rasit. In dole sai ka yo oda, duba na Ingila, wutarsu da bakin soket ɗinsu irin namu ne, sai dai ka tuna da harajinsu na kashi 20 cikin ɗari. Kuma kafin ka biya ko sisi, nemi awon kwalin, ka tura wa kamfanin dako su ba ka farashi a rubuce har Sakkwato. In bayan ka haɗa komai ragin bai taka kara ya karya ba, bar shi.

Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan kaya. Garin nan zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar janareto mai hawa da sauka. Ware kuɗin sitabilaiza mai kyau da fanka da mayafin rufe kaya. Sifika matsakaiciya da ake kula da ita ta fi mai tsada da ke kwance wurin mai gyara.

Ƙanen nawa dai mun zauna da biro da takarda, da muka gama sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe tsada zan sayo." Yanzu makirufo kawai zai yo oda, sifika kuma mako mai zuwa za mu shiga Kano tare.

Wanda ya taɓa bin hanyar nan, ko ya ci riba ko ya yi asara, ya faɗa mana yadda ta kaya don wasu su amfana. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu da asara.