Filin Lafiya: Shin Dajin Hanta Gado Ne?

A Kabong ta Jos, kamar ko'ina, idan dajin hanta ya ɗauke mutum biyu a gida ɗaya, sai a ce gado ne, wasu ma su zargi sammu.

Maganar gadon tana da ƙanshin gaskiya. A 2008 masana a Amurka suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna PNPLA3, wanda ɗa ke gada wurin iyaye. Yakan tara kitse a hanta har ta yi tauri. In kuwa mai shi mashayin burukutu ne, to, hatsarin dajin ya ƙaru. Amma sauyin bai yawaita ga baƙar fata ba.

Abin da ya fi bin gida a ƙasar nan shi ne ƙwayar ciwon hanta ta B, wadda yaro ke ɗauka wurin uwa ko 'yan'uwa, sai kuma gyaɗa da masara masu hunhuna da ake ci daga rumbu ɗaya. Tun 2004 Nijeriya ta sa rigakafin ƙwayar cikin alluran yara, ana son ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Manyan gidan kuwa, su je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a gwada jininsu.