Ina Aka Kai Ƙuri'ar Talaka?

'Yan'uwa ɗalibai, cikin kayan gadon da Turawan mulkin mallaka suka bar mana akwai wanda muke riƙo har yau sai ka ce wasiyyar uba. Shi ne tsarin zaɓen 'yan majalisa wanda ya ce duk ɗan takarar da ya ɗara abokansa a mazaɓa, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke ɗauke kujera, sauran ƙuri'un kuwa sun bi ruwa. Mu dai mun ce zalunci ne aka naɗa wa rawani.

A dubi zaɓen tarayya na 1959. NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami ƙuri'a wajen rabin miliyan, ta tsira da kujera 8 kacal. NPC da ta sami kusan miliyan biyu ta kwashe 134. Ninki huɗu a akwati, fiye da ninki 16 a majalisa! Talakan da ya jure barazanar 'yan doka ya jefa wa NEPU, wa ya wakilce shi a Ikko?

Su kansu masu abin bai bar su ba. A Ingila, a zaɓen 1983, ƙawancen Liberal da SDP ya sami rubu'in ƙuri'un ƙasa, ya tashi da kujera 23 cikin 650. Labour da ta ɗara shi kaɗan ta sami 209.

Da mun ce a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, sai masu cin moriyar tsohon tsari su tada jijiyar wuya, wai za a haifi gwamnatin gamin gambiza mai raunin ƙafa. To, wace irin gwamnati zaɓen 1959 ya haifa, in ba ta haɗin NPC da NCNC ba? Ta kuwa kife a 1966. Abin da tsarin ya iya shi ne ya sa kowace jiha ta zama tamkar gonar jam'iyya guda, 'yan hamayyar cikinta su ɓace, ƙabilanci ya sami taki.

Hujja ɗaya muka karɓa daga gare su: mutum na son ya san wakilinsa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan ma da maganinta. A Jamus mai zaɓe na jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ga jam'iyya, kuma a ƙa'ida sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin ɗari take shiga rabo. Amma kada mu sa ran 'yan majalisar da tsohon tsari ya ɗora su gyara shi don kansu. Ƙungiyarmu ta rubuta wannan bukata, ta kai ta gaban masu gyaran tsarin mulki.