Ba Tiyon Ba Ne Mai Tsada, Inda Ruwan Zai Tafi Ne

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, akwai wasu koke-koke da ba su ƙarewa a ƙofar masu unguwanni da kuma gidajen rediyo, daga Madarunfa zuwa Ɗan Isa har cikin birnin Maradi. Wane ya sako mana ruwan wanka a ƙofar gida. Masai ɗin gidan su wance ya cika yana tumbatsa. Tiyon gidan Alhaji ya fashe ya jiƙe gindin katangar maƙwabci. Mu da muke karɓar kiran masu saurare mun sha jin waɗannan, kuma idan aka tuntuɓi wanda ake ƙara, amsarsa ɗaya ce: ya san da matsalar, amma aikin ne da tsada, a ba shi lokaci sai bayan kaka.

To, jama'a, bari mu yi lissafin nan irin na kasuwa, mu ga inda tsadar take.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, a Madarunfa, kai har a Maradi babban birnin jiha, babu wani babban bututu na hukuma da ke bi ta ƙarƙashin titi yana kwashe ƙazantar gidaje, irin wanda ake da shi a biranen Turai. A can, mai gida tiyo kawai yake ja daga bayinsa zuwa bakin titi ya haɗa da na gari, ya riƙa biyan kuɗin tare da na ruwa. Mu a nan an kawo mana ruwa cikin gida ko kusa da gida, a manyan garuruwa ta hannun kamfanin NDE da ya gaji SEEN tun farkon shekarar 2024, a ƙauyuka kuma ta ƙananan tankunan ruwa, amma ba a yi wa ruwan hanyar fita ba. Kuma kowace mace ta san gidan da aka sa wa famfo ya fi gidan da ake sayen ruwa a wajen ƴan garuwa zubar da ruwa. Ke nan ruwa ya ƙaru a gidaje, mafitarsa kuwa ta kaka da kakanni ce, wato wuriri a gindin katanga, daga nan sai titi.

Saboda haka idan magini ya ce maka zai sa tiyon masai ko zai canza wanda ya lalace, tiyon kansa shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Sandar roba ce mai faɗin milimita 100 ko 110, da ƴan gwiwoyi, da gam. Gidan da bayinsa ke kusa da rami sanda biyu ko uku sun ishe shi. Inda kuɗi suke narkewa shi ne ramin da tiyon zai zuba: haƙa, bulo, siminti, rodi na murfi, yashi da tsakuwa da kuɗin amalanken da zai kawo su, ladan magini da yaransa. In kuma ramin zamani ne mai ɗaki biyu ko uku, wanda ƙazanta ke kwanciya a na farko ruwa ya tsallaka na gaba, to sai an ƙara masa wani ramin na tsotse ruwa. Bayan ƴan shekaru kuma ga kuɗin yasa, ko dai a kira masu yi da hannu cikin dare, ko a kira motar zuƙa daga Maradi a biya har da kuɗin hanya. Wanda ya tambayi kuɗin tiyo kaɗai ya yi shiri a kansa, shi ne kan tsaya da aiki a rabi, ya bar rami buɗe a tsakar gida ga yara suna wasa.

Siminti shi ne uban tafiya. Idan ba a manta ba, bayan ambaliyar da aka yi a daminar 2024, wadda ta halaka mutane kusan 400 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin siminti a watan Oktoba na wannan shekara da kusan kashi 35 cikin 100. An tsayar da tan ɗaya a kan jaka 55 a Yamai, a Maradi kuma ya ɗan ɗara haka. Tan ɗaya buhu 20 ne, ke nan buhu ya kama jaka 2 da dala 150 a lissafin Yamai. Wannan mataki ya sauƙaƙa wa masu sake gina ɗakunan da suka rushe, ba mu musun haka. Sai dai mai gidan da ɗakinsa ya faɗi, idan ya samu buhu biyar, ɗakin kwana zai fara tayarwa, masai sai abin da ya rage. Kuma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 a wata tun Janairun 2024, yawancin mutanen karkara ma ba su da albashin ko kaɗan, ramin siminti ba abin da ake yi da cinikin mako guda ba ne.

Sai kuma batun iyaka. Kayan roba da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu daga Kano suke shigowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Kun ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kun kuma ga na biyu, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe, kaya ba su daina shigowa, ta barauniyar hanya suke bi, kuɗin hanyar kuma a kan mai saye yake sauka. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa wasu suna zaton mai sefa ya samu garaɓasa, amma ku da kuke zuwa sari kun san yadda farashin ya yi ta tashi a can, ga kuɗin mota da ya hau bayan cire tallafin man fetur.

Wannan shi ke tura mutane ga araha, kuma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Ana sayen tiyo mai siririn jiki, a binne shi sama-sama a inda amalanke da babura ke bi, kafin damina biyu ya tsage. Wani a bar shi a fili rana tana dukansa har ya bushe ya riƙa karyewa kamar kara. Wani kuma a shimfiɗa shi ba gangara, alhali ƙa'idar masu aikin ita ce a sauke shi kimanin santimita 2 a kowace mita domin ruwa ya tafi da abin da ya ɗauko. In ba gangara sai ya toshe, a zo a fasa daɓe, a sake biyan magini. A irin wannan aiki wanda ya yi tsumulmula sau biyu yake biya.

Amma da a ce asarar a kan mai gidan kaɗai take tsayawa, da ba mu ɓata takarda ba. Madarunfa gari ne na bakin ruwa. Ga tabki, ga Gulbin Maradi da Gulbin Gabi, kuma a cikin fadama ruwa ba shi da nisa da ƙasa, abin da ya sa lambu ke albarka a yankin har zuwa Jiratawa. Wannan albarka ita ce kuma haɗarin. Ramin masai da aka haƙa da zurfi ba a ɗaure shi ba, ko aka yi shi dab da rijiya, abin da ke cikinsa yana tsiyaya zuwa ruwan da ake sha. Ma'aikatan tsabta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya idan da hali, kuma gindin ramin ya tsaya sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Gidaje nawa ne a tsohon gari suke da filin da za su bar wannan tazara? Naka ramin yana iya yin nisa da taka rijiyar, amma yana jingine da ta maƙwabci.

Mun ga sakamakon da idonmu. Annobar zawo da amai ta 2018 a gundumar lafiya ta Madarunfa ta fara ɓulla, a farkon watan Yuli, a asibitin Nyelwa kusa da iyaka, kuma kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,000 a ƙasar, mafi yawansu daga wannan gunduma tamu. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da 5,000, jihar Maradi kuma na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ku iyayenmu mata masu tuwo-tuwo da fura da ƙosai da kwaɗon zogale, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ke faruwa da ciniki ranar da aka ce cutar ta shigo gari. Mai saye yakan ja baya, abincin da aka dafa ya kwana, uwar kuɗi ta karye. In kuma yaro ya kwanta, an bar rumfa ke nan an koma jinya. Kuɗin da mai gida ya ƙi kashewa a rami, matarsa ce ke biyansu a kasuwa.

Hukumomi za su ce ba su zauna ba. Gaskiya ne tun wajen 2009 ake tafiyar da shirin nan na zaburar da ƙauyuka su gina masai da kansu ba tare da an ba su tallafi ba, kuma ƙasa ta ɗauki alkawarin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2030. Amma har a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022, kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a daji suke zagayawa. Shirin ya dace da ƙauye mai fili da tudu, inda rami da murfi suka wadatar. Bai amsa tambayar gari mai cunkoso da famfo da ruwa kusa ba. A nan ba wa'azi ne ya yi ƙaranci ba, kowa ya san ƙazanta ba kyau. Abin da babu shi ne magudanar ruwa a unguwanni, da wurin da aka keɓe don zubar da abin da aka yaso, domin a yau mai yasa yakan juye shi a rami bayan gida ko a bakin gona, ruwan sama na farko kuma ya maido mana da shi. Waɗannan ba aikin mutum ɗaya ba ne komai arzikinsa. Aikin ma'aikatar magajin gari ne, wadda ke karɓar harajin rumfa a hannunku duk ranar kasuwa. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansilan unguwa da za a tare a hanya a yi masa ƙorafi, don haka sai ƙungiyoyin ƴan kasuwa su tafi da kansu su tambaya: daga cikin abin da muke biya, nawa aka ware wa makewayin kasuwa da kwata?

Kafin a samu amsa, akwai abin da ke hannunmu. A wannan jiha ta Maradi ne aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ƙasashen Afirka da dama suka kwaikwaya. Asusun da ke sayen akuya da kayan ɗakin amarya zai iya sayen siminti buhu-buhu, a yi wa gida ɗaya bana, na gaba kuma a zagayo na biyu. Maƙwabta uku ko huɗu da ke layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi ramin tsotse ruwan wanka guda mai kyau nesa da rijiya, maimakon kowa ya yi nasa ƙarami a gindin katanga. Kuma a raba ruwan wanka da wanke-wanke da ramin masai, domin shi ne ke cika shi da wuri ya jawo kuɗin yasa.

Wanda zai yi aikin ya sa magini ya rubuta masa lissafi dalla-dalla, kayan aiki daban, lada daban, ya je shago da kansa ya duba kaurin tiyon kafin ya biya. Ya kuma yi shi da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, amma ya tambayi masu rijiyar unguwa inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta kafin a yanke zurfin ramin.