Sankarar hanci: kwamfuta na auna ƙari, amma sai majinyaci ya zo da wuri

Sankarar hanci da kogunan ƙashin fuska tana tsirowa ne dab da ido da ƙwaƙwalwa, inda kuskuren milimita kaɗan wajen aiki kan jawo makanta. Shi ya sa masu bincike ke sa kwamfuta ta auna hotunan sikana da na IRM: girman ƙarin, iyakarsa, da yadda yake motsewa bayan magani.

A Nijar, sai a 2021 aka fara gasa ƙari da na'ura, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Amma awo ba ya ceton wanda ya makara. Toshewar hanci gefe guda da yawan haɓo, akan ɗauke su mura. Kafintoci da dukawa, masu shaƙar ƙurar katako da fata, su ya kamata a fara dubawa.