Mashin ɗin kafe na jaka ɗari uku, a garin da kuran ke wasan ɓuya

Jama'a, wani abokina ya dawo daga Yamai da mashin ɗin kafe mai haɗa komai: shi ke niƙa ƴaƴan kafen, ya zafafa ruwa, ya matso shi da ƙarfi, cikin sakan 30 ga espreso kamar a Italiya. Ya kira mu kallo. Muna zama aka ɗauke kuran.

Abin fa yana cin wat sama da 1.000, ɗan pano ɗin da ke gidan ko motsa shi bai iyawa. Kafen ma ba mu noma shi a Nijar, sai an kawo daga waje. In bututu ya toshe, wa zai gyara a Maradi? Mai gyaran rediyo?

Abin da ya fi ƙona mini rai, kofi ɗaya ko biyu yake fiddawa, mu kuwa takwas ne a tabarma. Kuma wallahi kuɗin adashen matarsa ne, wanda ta ajiye don makarantar yara.

Ƙarshe dai yaronsa ya hura gawayi ya aza buta, muka sha shayi har na uku. Mashin na kan tebur, an lulluɓe shi da zane saboda ƙura.